Murfin Bayan A-kori-kura da Shan Mai

Sunan a-kori-kura harɗaɗɗen suna ne mai ƙirar a-ci-balbal, kuma ma'anarsa a fili take: mota ce da ta kori kurar turawa daga aikin dako. Ta bazu a ƙasar Hausa bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, har ƙirar 404 ta zama jakin kasuwannin Jibiya, Mai'aduwa da Charanchi. Wannan maƙala za ta dubi wani ra'ayi da ya zauna a zukatan direbobinta da dama a birnin Katsina, wato cewa in mota za ta komo ba kaya, sauke murfin bayanta yana rage shan mai.

Hujjarsu ba ta wauta ba ce. A ganinsu murfin nan bango ne a tsaye, iska na dukansa tana riƙe mota. In aka kwantar da shi sai ta sami hanya ta wuce. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ba mai ganin laifin direban da ke lissafin kowace lita.

To, amma iska ba haka take bi ba. Idan mota na gudu, iskar da ta haye kan rufin direba ba ta faɗawa cikin bodi kai tsaye. Abin da ke faruwa shi ne, wata iskar takan maƙale tsakanin bayan gidan direba da murfi, tana juyawa a hankali kamar 'yar guguwa da aka kwantar. Ita wannan guguwa takan zama tamkar matashi, sai iskar sama ta zame a kanta ta tsallake murfin ba tare da ta doke shi sosai ba. Duk yaron motar da ya taɓa zama a baya ya ga shaidar haka, ko da bai lura ba: ɓawon gyaɗa da ganyen harawa gaba suke taruwa, a gindin gidan direba, maimakon su yi baya. Da zarar an sauke murfin, guguwar ta ɓaci, iskar sama ta riƙa faɗawa bayan gidan direba, jan da take yi wa motar ya ƙaru.

An gwada wannan. A 2004 wani injiniya mai suna Kevin Cooper, na hukumar bincike ta ƙasar Kanada, ya fitar da sakamakon awon da aka yi a ɗakin hura iska, inda ya nuna cewa sauke murfin ko cire shi yana ƙara tirjiyar iska. A 2005 kuma shirin talabijin na MythBusters a Amurka ya kora motoci biyu iri ɗaya da mai daidai wa daida, wadda murfinta ke rufe ta fi cin nisa.

Abin lura a nan shi ne gudu. Tirjiyar iska ninki huɗu take yi in an ninka gudu sau biyu. Mai tafiyar kilomita 80 a sa'a yana fama da huɗun abin da mai tafiyar 40 ke fama da shi. Saboda haka wanda ke jigila daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, cikin cunkoson babura da keke-napep, rufe murfi da buɗe shi kusan duk ɗaya ne a gare shi. Nauyin kaya, ƙarancin iskar taya da yawan taka birki su ke cinye masa mai. A kan hanyar Kano ko ta Daura ne bambancin ke bayyana.

Gaskiya ma, yawancin murafen da ake gani a kwance a Katsina ba don tsimin mai aka kwantar da su ba. Buhunan gero ne suka fi ƙarfin bodi, ko kuwa rodi da katako suka zarce tsawonsa. Wannan lalura ce, ba a yi mata gardama. Amma motar da ta sauke kaya a Jibiya ta juyo fayau, gara a ɗaga murfinta a sa sakata, in da tamfol kuma a ja shi ya ɗame a kan bodin, domin rufaffen bodi ya fi buɗaɗɗe sauƙin ratsa iska.