Tumbi da Tamowa a Gida Ɗaya

A ƙasar Katagum, magidanci in ya ajiye tumbi sai a ce Alhaji ya samu hutu. Amarya kuwa in ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, dangi su shiga tambaya, ko lafiya, ko dai angon ba ya riƙe ta da kyau. Ba a banza mutane suka ɗauki abin haka ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda yunwa take mayar da ƙato, don haka rama ce abin tsoro a wurinsu.

To, amma wata matsalar ta shigo ta bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Kada a ce wannan ciwon Amurka ne. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa mata 28 cikin 100, masu shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya zarce ƙa'ida. Binciken nan dai shi ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Bauchi kuwa abin ya haura rabi.

Wanda ya leƙa ɗakin shan magani a Azare ko Chinade ranar awon yara zai iya ganin abubuwan biyu a kan benci ɗaya. Ma'aikaciya ta naɗa ma'aunin nan mai launi uku a damtsen yaro, ya tsaya a kan ja, wato bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta kama shi ke nan. Uwar da ke riƙe da shi kuwa wani lokaci da ƙyar take miƙewa saboda nauyin jiki da ciwon gwiwa. Ba cinye abincin ɗan take yi ba. Kwano ɗaya ne ya cuce su duka: tuwo ko shinkafa da mai da yaji, safe da dare, babu wake, babu ganye. Babba ya ci da yawa ya tara kitse, yaro mai ƙaramin ciki ya ƙoshi da tsinkakken koko da sukari, bai sami abin gina jiki ba. Likitoci sun kuma lura cewa yaron da ya tsumbure yana ƙarami, in ya girma ya sami wadata, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini.

Abin takaicin shi ne ƙasar ba ta rasa abinci mai kyau ba. Fadamun kogin Jama'are, wanda ya ratsa ta kusa da tsohon garin Katagum, suna ba da tumatir da albasa da alayyafo da rani. Tudu yana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Zogale na nan a bayan ɗaki, kuka da rama da yakuwa ba su da tsada. Sai dai a kai waken da ƙwan kasuwa a sayar, a sayo taliyar leda da dunƙule da lemon kwalba. Har yanzu ma akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata.

A duba teburin mai shayi da dare. Kofi guda a zuba masa sukari cokali uku ko huɗu, ga madara, ga burodi, ga Indomie da aka soya tana ninƙaya a mai. Wanda ya ci wannan da ya wuni a gona ne da da sauƙi. Amma a shago ya wuni zaune, acaɓa ce ta kawo shi, ita za ta mayar da shi ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Gorar lemo guda mai santilita 50 ta cinye kusan duk wannan kason. Zoɓo da kunun aya na leda ma ba su tsira ba, in an cika musu sukari don su shiga kasuwa.

Mafi muni duka shi ne masu sayen ƙibar da kuɗinsu. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yammata kan sha gab da biki, yawanci magungunan wata cuta ne daban. Ɗaya daga cikinsu, dezametason, likita kan ba da shi ne don kumburi ko asma, na ɗan lokaci kuma bisa ƙa'ida. Wadda ta daɗe tana shan sa fuskarta za ta cika, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu su sirance, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta riga ta saba kuma kada ta daina dare ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Asibiti za ta je a rage mata sannu a hankali.

Hukuma ta taɓuka wani abu. Tun 1993 doka ta ce a sa sinadarin aidin a gishiri, a 2002 aka tilasta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, shi ne ake ganin tambarin ido a jikin leda. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Naira goma dai, a tsadar yau, ba ta isa ta sa kowa ya ajiye gora ba. Azare kuma ta samu Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a 2021, kuma zai yi kyau ɗalibanta su riƙa fita kasuwa da majalisu da na'urar awon jini tun kafin su karɓi shaidar kammalawa.

Sauran aikin na cikin gida ne. Jariri a ba shi nonon uwa zalla har wata shida. Daga nan a yi masa garin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya sama-sama, a niƙa, a riƙa damawa. Uwargida ta rage dunƙule ta koma wa daddawa, tunda gishirin da aka yarda baligi ya ci a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba, shi kuwa dunƙule galibinsa gishiri ne. Maigida ya riƙa takawa zuwa masallaci da kasuwa. Tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar a mako, ta cika abin da ake nema.

Mai son sanin matsayinsa ba sai ya nemi sikeli ba. Ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita dab da saman cibiya. In bakin igiyar ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, sai a je awon jini da na sukari, domin hawan jini yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba. Mai ƙibar da ya ga yana ramewa haka kawai, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare, ga miki ya ƙi warkewa, shi kam awon sukari ya kama shi a makon nan.