Darasi na 24: Shirin tafiya tsibiran Kabo Berde

A birnin Tawa akwai wani ɗan kasuwa, asalinsa mutumin wani ƙauye ne na arewacin Adar, wajen Afala. Tun yana saurayi ya tafi bida Abijan, kamar yadda samarin Adar suke yi in an gama aikin gona. Da tallar kaya a ka ya fara. Ya shekara goma sha biyu yana kai da kawowa. Yau yana da rumfunan yadi a babbar kasuwa, da manyan motoci biyu, ya kuma je Makka.

Abu guda ya tsaya masa a rai: ƴaƴansa uku ba su taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da suka sani shi ne tafkin Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa bisa hanyar Agadas.

Ran nan bayan sallar lisha ya tara iyalinsa a tsakar gida, ya ce: «Bana, in Allah ya yarda, zan kai ku ku ga teku. Ba bakinsa kaɗai ba, har tsakiyarsa. Wani abokina na Dakar ya ba ni labarin wasu tsibirai, Kabo Berde. Za mu kwana bakwai a babban otel, irin wanda Turawa suke sauka.»

Ya dubi babbar ɗiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Yaya. Tana aji shida a makarantar gwaji. Ya ce: «Ke ce mai karatun taswira. Ki samo littafi sabo, ki rubuta mana hanya, da lokaci, da kuɗi.»

Ta ce: «To, Baba.»

Zare bisa taswira

Da gari ya waye Yaya ta kai maganar wurin Malam. Malam ya rataya taswirar Afirka, ya ɗauko zare. Ya dafe kai ɗaya bisa Tawa, ya ja shi yamma sak. Zaren ya ratsa Mali, ya ratsa Senegal, ya wuce dab da Dakar, ya faɗa cikin tekun Atalantika. Can ya tarar da wani ɗan ɗigo. Malam ya ce: «Ga Praia, babban birninsu. Layi ɗaya take da Tawa, kusa da digiri 15 arewa da tsakiyar duniya. Tsakaninmu ya ɗan fi kilomita 3000.»

Tsibiran goma ne, tara da mutane, ɗaya ba kowa. Na kusa da gaɓar Senegal yana nesa da ita wajen kilomita 570. In an haɗa su duka, faɗinsu murabba'in kilomita 4033 ne, watau jihar Tawa ta ninka su fiye da sau ashirin. Mutanensu wajen rabin miliyan ne. Suna magana da harshen Fotugal da nasu harshen, Kiriyol.

Kowane tsibiri da kamarsa. Fogo dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 2829. A watan Nuwamba na 2014 ya yi amai, narkakken dutse ya binne ƙauyuka biyu, amma mutanen sun koma sun sake gini, don ƙasar wurin tana da albarka. Santo Antão tsaunuka ne da kwaruruwa masu rake da ayaba. Sal da Boa Vista shimfiɗaɗɗu ne, farin rairayi har bakin ruwa. A nan ne manyan otel-otel suke. A 2023 baƙin da suka sauka ƙasar sun haura miliyan ɗaya, ninki biyu na masu ƙasar ke nan.

Yaya ta ce: «Malam, tun da ruwa ya kewaye su, ai ba su san fari ba.»

Malam ya yi dariya, ya ce: «Nan kika yi kuskure, kuma manya ma suna yin sa. Ruwan teku gishiri ne, ba a sha, ba a ba shuka. Tsibiran nan Sahel ne da ya faɗa cikin ruwa.»

Gaskiyar Malam. Daminarsu gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekarar ma ba ta zuwa. Ruwan saman da Sal ke samu a shekara bai kai rabin na Tawa ba. Ruwan da ake sha a can, da wanda ake cika wuraren iyo na otel da shi, daga teku ake jawo shi, injuna su cire masa gishiri. Aiki ne mai cin wutar lantarki da kuɗi. Baƙon da ke wanka sau uku a yini ba safai yake tuna haka ba.

Lokacin da jiragen Fotugal suka iso wajen 1460, ba su tarar da kowa ba. A 1462 suka kafa gari a tsibirin Santiago, wanda yanzu ake kira Cidade Velha. Suka mai da shi zangon bayin da suke kamowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Jikokin bayin nan da na Turawan su ne mutanen ƙasar. Yunwa ta sha yi musu ɓarna. Ta 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948 sun kashe dubban mutane, masu mulkin mallaka ba su yi wani abin kirki ba. Ƙasar ta sami ƴancin kai ran 5 ga Yuli 1975. Bayan haka ta shiga ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari, wadda Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta a 1973.

To, mutumin da gonarsa ba ta ci da shi, me zai yi? Sai bida. Ƴan Kabo Berde da ke zaune Amurka da Fotugal da Faransa da Holan da Senegal, in an haɗa da zuriyarsu, sun fi waɗanda suka rage a gida yawa. Suna aiko da kuɗi, mata da tsofaffi na riƙe da gida. Waɗanda suka tsaya kuma suna jera duwatsu a jikin tsauni, hawa bisa hawa, don su tare ƙasa da ruwa, su shuka masara da wake. Duk ɗan Adar ya san wannan aiki. Shi aka yi a ƙasar Keita tun daga 1984, da taimakon Italiya, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun, don maza sun tafi bida.

Yaya ta rubuta wannan duka a shafin farko, ko da yake ba a tambaye ta ba.

Lokaci da hanya

Hutu uku ɗan makaranta yake da su. Babban hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da yaran ke zuwa ƙauye noma, Alhaji kuwa ba ya wasa da wannan. Auta ya so a tafi lokacin, don Malam ya ce daga Yuni zuwa Oktoba ne kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai a rairayin Boa Vista da Sal. Bai samu goyon baya ba.

Hutun ƙarshen Disamba ya fi kama da daidai, amma yana da aibi biyu. Lokacin ne Turawa ke gudun sanyin ƙasarsu, ɗakuna su yi tsada. Lokacin ne kuma hazon hunturu yake tashi daga hamada, wannan dai da ke rufe Tawa, ya ƙetare teku ya rufe tsibiran, har wani lokaci jirgin sama ya kasa sauka. Hajiya ta ce: «Alhaji, a biya kuɗi a je a shaƙi ƙurar gida?» Saura hutun ƙarshen Maris, sa'ad da Tawa ta fara zafi, can kuwa iska na kaɗawa. Yaya ta duba kalanda don kada ya haɗu da azumi, sannan ta ja masa layi.

Hanya doguwa ce. Daga Tawa mota za ta bi ta Tsarnawa, Birnin Konni, Dogon Dutsi da Doso, zuwa Yamai, wajen kilomita 550. Daga filin jirgin Diori Hamani a tashi zuwa Dakar, sau da yawa sai an yada zango a wani birni. Daga Dakar zuwa Praia awa ɗaya ne da ɗoriya. Sal kuma sai an sake shiga wani jirgin. In an sauka a mai da agogo baya da awa biyu: ƙarfe 12 na rana a Tawa, ƙarfe 10 na safe ne a Praia.

Kowa sai da fasfonsa, har Auta, shi kuwa fasfo ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Sai katin allurar rigakafin shawara. Zazzaɓin cizon sauro ba abin tsoro ba ne a can, don a Janairu 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi. Maganar biza ce ke son hankali. Kabo Berde tana cikin CEDEAO, Nijar kuwa ta fita ran 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Yaya ta rubuta da jan biro: a tambaya kafin a sayi tikiti.

Hajiya ta ƙara abu ɗaya. Yawancin mutanen can Kirista ne. Babban abincinsu, kacupa, masara ce da wake a tukunya ɗaya, amma sau da yawa da naman alade ciki. Ta ce: «Kifi za mu ci. Kuma zan tafi da yajina da kilishi.»

Kuɗi

Kuɗinsu sunansa eskudo. Da shi da sefa duk a ɗaure suke da yuro. Yuro 1 kusan sefa 656 ne, kuma kusan eskudo 110. Saboda haka eskudo 1 ya kusa sefa 6.

Abokin Alhaji ya bugo waya daga Dakar. Ya ce otel ɗin da ya samo a Santa Maria, bakin tekun Sal, jikka 150 ne ɗaki ɗaya a kwana, da ci da sha. Ɗaki biyu ake so, Alhaji da yara maza, Hajiya da Yaya. Yaya na cikin ninkawa, sai Kaka ta yi gyaran murya.

Kaka mahaifiyar Alhaji ce. Ta zo daga ƙauye ganin likita, tana zaune bisa tabarma tana ja da carbi. Ba ta kiran sunan Alhaji, don ɗan fari ne. Jikarta ta yi wa magana: «Ke, ɗiyar lakwal. Kwana guda nawa kika ce?»

«Jikka 300, Kaka.»

«Buhun hatsi nawa ke nan?»

A ranar ana sayar da buhu jikka 25. Yaya ta raba, ta ce: «Goma sha biyu.»

Kaka ta ce: «Buhu goma sha biyu, a kwanta a tashi. Ki gaya ma wancan mutumen, bana ruwa ya ɗauke da wuri. Rumbunan ƙannensa ba su kai bazara.»

Tsakar gida ta yi tsit. Kaka ta ga yunwar 1973, ta ga ta 1984, ta binne ɗa a cikinta. Ba a yi mata gardama kan hatsi. Amma Alhaji ma yana da tasa gaskiyar. Ya sunkuyar da kai ya ce: «Inna, shekara goma sha biyu na yi bakin teku da kaya bisa kai. Ban taɓa zama na dube shi ba. Ina so yaran nan su zauna su dube shi.»

Kaka ba ta amsa ba. Yaya ta buɗe shafin farko, ta karanta mata labarin fari, da na bida, da na duwatsun da ake jerawa a jikin tsauni. Kaka ta aje carbi ta ce: «Su ma? Cikin ruwa?» Ta sa aka sake karanta mata wurin duwatsun, don ita ma ta ɗauke su a ka. Sannan ta ce: «To, in kun je ku kwanta cikin otel, mi za ku gani? Turawa? Ku tafi ku ga mutanen.»

Daren nan aka sake shiri. Kwana huɗu a otel ɗin Sal maimakon bakwai. Kwana uku a tsibirin Santiago, a wani masauki mai jikka 40 ɗaki ɗaya, don a ga Cidade Velha da gonakin tsauni. Abin da ya ragu a sayi hatsi, motar Alhaji ta kai ƙauye tun kafin a tashi. Auta ya ɓata rai, don an rage masa kwanakin iyo. Hajiya ta tuna masa cewa bai iya iyo ba.

Alhaji ya ce a yi wa Kaka fasfo ita ma. Ta ƙi. Ta ce: «Ni ba ni hawa abin da ba ya taka ƙasa. Ku dai cika mini kwalba da ruwan nan, in lasa in ji ko da gaske gishiri na.»

Yaya ta rubuta a ƙasan jerin kaya: kwalba ɗaya, babu kome ciki.

Kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ko'ina. Da faransanci, île.
Bida: tafiya neman kuɗi wata ƙasa bayan kaka. Da faransanci, exode.
Biza: izinin shiga wata ƙasa, wanda ake bugawa cikin fasfo.
Ɗan fari: ɗan da aka fara haifa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fari a Kabo Berde, alhali ruwa ya kewaye ta?
2. Ku faɗi abubuwa uku da Adar da tsibiran suka yi kama a kansu.
3. Don me ba a zaɓi hutun Disamba ba?
4. Me ya sa Kaka ta yi wa Yaya magana, ba ta yi wa Alhaji ba?
5. Tsakanin Kaka da Alhaji, wa kuke goyon baya? Ku kawo dalili.

Lissafi

1. Nawa ne kuɗin kwana a shirin farko? Nawa ne a na biyu? Buhu nawa za a saya da abin da ya ragu, nawa kuma zai saura?
2. A ce kwalbar ruwan sha eskudo 100 ce. Sefa nawa ke nan? Dala nawa?
3. Jirgi ya sauka Praia ƙarfe 4 na yamma. Ƙarfe nawa ne a Tawa?

Aikin gida

Ku tambayi wani a unguwarku wanda ya taɓa zuwa bida: wace hanya ya bi, kwana nawa ya yi, wace takarda aka tambaye shi a kan iyaka? Ku rubuta amsarsa cikin layi goma, ku zana hanyar bisa taswira.