Kafin Ka Danna, Ka Taka: Darasin Ɗaukar Hoto A Bakin Ruwa

Shekarun baya aikin biki ya kai ni Legas. Da aka watse na ce ba zan koma Kafanchan ban ga teku ba, sai na hau mota zuwa Badagry. Ranar sai da na cika katin kyamarata taf. Da na dawo na buɗe hotunan a kwamfutar shago, maigidana da ya koya mini sana'ar ya leƙo ta bayana, ya yi shiru. Can ya ce, "Kai yaro, miƙe tekun nan kafin ya zube mini a shago." Na duba da kyau. Kowane hoto ruwan ya karkace gefe guda, sama rabi, ruwa rabi, babu inda ido zai sauka. Na je na ga teku, amma ban taho da shi ba.

Mu nan Kudancin Kaduna ba mu da teku, amma muna da Matsirga a Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake rikitowa daga tsayin kusan mita 30. Duk Kirsimeti da Sallah da Sabuwar Shekara matasa na tururuwa can da wayoyinsu, daga baya su kawo mini hotunan in wanke. Kuskuren da na yi a Badagry shi nake gani a hannunsu. Mutum ya sauko daga kan babur, ya tsaya inda kowa yake tsayawa, ya ɗaga waya daidai fuskarsa, ya danna. Kyawun wurin ya ruɗe shi, ya ɗauka kyamara ma ta ji rugugin ruwan da sanyin feshin. Ita kuwa abin da ka sa a gabanta kawai take gani.

Fara da daidaita layi. Ruwa a kwance ba ya karkata, idon mai kallo kuma ya san haka ko bai taɓa riƙe kyamara ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Shiga saitin kyamarar wayarka ka kunna layukan nan da ke raba fuskar wayar gida 9. Layin da ruwa ko dutse ya haɗu da sama, ka kwantar da shi a kan ɗaya daga cikin layuka biyu na kwance, kada ka bar shi a tsakiya. In hadari ya haɗu, sama ta yi kyau, ba ta kaso biyu cikin uku. In sama fara ce fat babu komai, ka rage ta, ka ba ƙasa fili.

Sai abin da ke gabanka, kuma a nan hoto yake tsayuwa ko ya faɗi. Ruwa shi kaɗai ba ya cika hoto. Nemi abin da zai karɓi ido daga ƙasa ya miƙa shi sama: baƙin dutse da ruwa ya jiƙe yana sheƙi, saiwar itace da ta fito fili, ko ɗan rafin da ke gudowa wajenka. Hoton Matsirga da aka fi saye a shagona a tsugune na ɗauke shi, gwiwa cikin laka, kyamara kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Wani dutse mai gansakuka ne ya cika kusurwar hagu, daga nan ruwa ya ja ido har gindin magangarar. Kafin in same shi na yi kusan minti 40 ina zagaye wurin ban danna ko sau ɗaya ba.

Ka kuma sa mutum a ciki, amma ɗan ƙarami, a gefe. Idan babu abin gwadawa, mai kallo ba zai bambance ruwan mita 30 da na magudanar bayan gida ba. Mutum ɗaya da jar riga, can nesa, ya isa ya nuna girman wurin. In ka cika hoton da fuskarsa, hoton fasfo ka ɗauka a bakin ruwa.

Lokaci ma yana cikin tsari. Da tsakar rana farin ruwa yana ƙonewa a hoto, duwatsu su koma baƙi ƙirin. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, ko ranar da gajimare ya rufe rana. Mai neman bakan gizo a cikin feshi ya juya wa rana baya, kuma sai rana tana ƙasa-ƙasa yake fitowa sosai. A watan Agusta ruwan yana da ƙarfi amma ja ne saboda laka. Wajen Oktoba da Nuwamba ya fara washewa, ganye kuma bai bushe ba tukuna. Hazon hunturu kada ka yi fushi da shi. Wanda ya taɓa zuwa bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu ya ga yadda hazo ke jera duwatsu hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa dishi-dishi. Wannan zurfi ne da ka samu kyauta.

Ga masu babbar kyamara: saurin ɗauka na 1/500 yana tsayar da ɗigon ruwa cak, rabin daƙiƙa kuma yana mai da shi kamar auduga, amma sai ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta ko a kan dutse. Riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu, don feshi yana sauka a kan gilashi ba ka sani ba.

Kafin ka danna, bi kusurwoyi huɗun nan da ido. Ledar fiya wata ɗaya a gefe ta isa ta ɓata aikin yini. Ni ba na goge ta a kwamfuta. Ɗauke ta nake yi in jefa a jaka, don wanda zai zo bayana.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan. Dutsen bakin ruwa yana da santsi, kuma ruwan damina yana iya ƙaruwa nan take ko da inda kake ba a yi ko yayyafi ba. Kada ka ja da baya kana kallon waya. Kada ka tura kowa bakin gaɓa don hoto ya yi kyau. Tambayi mutanen garin inda ake takawa, kuma kada ka je kai kaɗai.

Yanzu yaran shagona in za su fita bakin ruwa, sharaɗi ɗaya nake gindaya musu: minti 10 na farko kyamara tana cikin jaka. Su zaga, su tsuguna, su hau, su sauko. Duk wanda ya dawo mini da ruwa a karkace, ya riga ya san abin da zan faɗa masa.