Jarkokin fetur a ɗakin mai juna biyu

Gwaggo, cikin fari ne da ni, wata biyu. Maigidana yana sayar da fetur a galan a bakin titi, kullum da dare sai ya shigo da jarkokin ɗakinmu saboda ɓarayi. Janaretanmu yana ƙarƙashin taga, girki kuma da itace nake yi a wani ɗan madafi marar taga. Ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a ya ce warin nan zai iya taɓa abin da ke cikina, wai an gwada a kan kifi. Surukata ta yi dariya, ta ce ina ruwan kifi da ɗan Adam, su ma cikin hayaƙi suka yi tasu haihuwar. Ni dai kaina yana yawan ciwo, hankalina ya tashi. Maganar wa zan bi?

Amarya daga Gusau

'Yata, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amma ki sani ƙanenki ba tatsuniya ya kawo miki ba.

Kifin da yake nufi ɗan mitsitsi ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, asalinsa daga ruwayen Indiya da maƙwabtanta. Ana ce masa kifin zebra saboda zanen jikinsa irin na jakin dawa. Abin da ya sa masana suka riƙe shi, ƙwansa garau yake kamar gilashi. In aka sa shi ƙarƙashin madubin likita, ido na gani ake ƙera halittar, cikin awa 24 ko sama kaɗan zuciya ta fara bugawa, kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe. Kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwarori a jikin wannan kifi. Abin da ba zai halatta a gwada a kan mai ciki ba, a nan ake duba shi.

A 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska ta Amurka, sai aka riƙa ganin 'ya'yan kifi suna fitowa da nakasa. Daga baya, a 2004, masanin nan John Incardona da abokan aikinsa suka jiƙa ƙwan kifin zebra a ruwa mai ɗauke da sinadaran da ake kira PAH, waɗanda ke cikin ɗanyen mai da kuma baƙin hayaƙi. Suka ga zuciya ce ke fara tafiyar hawainiya, bugunta ya rikice, ruwa ya taru ya kewaye ta, sannan gadon baya ya lanƙwashe, muƙamuƙi ya ƙi cika. Fetur ɗin ɗakinki yana da ɗan'uwan waɗannan sinadarai, wato benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini in an daɗe ana shaƙarsa.

Gaskiyar surukarki ɗaya ce: ke ba kifi ba ce. Ƙwan kifi tsamo-tsamo yake cikin ruwan guba, naki kuwa yana da mahaifa da hantarki suna kare shi. Sai dai wannan kariya ba katanga ba ce, sinadaran suna ratsa mabiyiya. Binciken Jami'ar Kolombiya a kan masu ciki a Niyok ya danganta yawan shaƙar PAH da haihuwar jarirai marasa nauyi. A garin Tongliang na ƙasar Sin kuma, da aka rufe tashar lantarki mai ƙona kwal a 2004, an sami ƙarancin alamun gubar a jinin cibiyar jariran da aka haifa bayan nan. Darasin da nake so ki riƙe ke nan: in aka rage hayaƙin, ana ganin amfanin. Watannin ukun farko kuwa su ne lokacin da ake shimfiɗa zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka kada a jira.

Jarkokin nan su bar ɗakin kwana yau ɗin nan. A nema musu akurki ko shago mai kwaɗo, nesa da wuta, a toshe bakinsu sosai. Janareta ya yi nisa da taga da ƙofa, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Maigida ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya shigo, ya daina zuƙo mai da baki ta tiyo, don shi ma jininsa abin tattali ne. Ki fito da murhu tsakar gida, ki yi amfani da busasshen itace, kada ki hura wuta da leda ko tsohon silifa. In da hali a koma gas. Ganda da aka babbake da taya ki haƙura da ita, naman da ya ƙone ƙurmus ki kankare baƙin. Ki fara awo da wuri, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya batun ciwon kan da sana'ar mijinki.

Maganar gida kuma a yi ta da hikima. Kada ki nuna wa maigida sana'arsa ce aibi, da ita ake ci ake sha. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa warin yana hana ki barci, kina tsoron gobara, kina tsoro saboda ɗansa. Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki durƙusa ki ce, "Inna, jikanki nake wa tattali, ki sa baki a fitar da jarkokin nan." A zamaninsu hayaƙin kara suka sha a fili, ba su kwana da fetur a gefen gado ba, kuma ita ma ta san da haka. In ta ce a fitar, babu mai musa mata.

Ki rubuto mini bayan awon farko, ina jiran labari mai daɗi.

Gwaggonki