Ladubban Mai Wa'azi A Ƙasar Baƙunci

'Yan'uwa Musulmi, ku sani cewa malamin da aka aika tafsirin azumi Zangon Kumasi, alal misali, wa'azinsa ba ya ƙarewa da tashin majalisi. Jama'a suna lura da cinikinsa a kasuwar Kejetia, da zamansa da maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba. In ya munana, addini za a zarga.

Yawon buɗe ido kuwa halal ne, muddin bai tauye aikin da ya kai shi ba. Ya je Elmina, ya dubi kurkukun bayi a ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482, ya tuna da ƙarshen azzalumai. Kallon da babu izina cikinsa asarar guzuri ne.

Allah Ya sa mu dace, amin.