Girma Ba Ya Hana Koyo: Darasi Daga Masu Sulɓi A Kan Ƙanƙara

Na san za ki ce, to mu a nan Achida, da ba mu ganin ƙanƙara sai ta ruwan sama ko ta firij, ina ruwanmu da wasan sulɓi a kan ƙanƙara? Yi haƙuri ki biyo ni.

Wasa ne na ƙasashen sanyi. Ana sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, kaurinsa kusan milimita 4, a yi ta sulɓi a kan daskararren ruwa. Ya shiga gasar Olamfik a Landan a 1908, kuma a 2005 aka fara gasar duniya ta manya a garin Oberstdorf na Jamus, har da waɗanda suka koya bayan sun girma. A 2012 wata Musulma 'yar Daular Larabawa, Zahra Lari, ta yi gasa a Italiya da lulluɓinta. 'Yan'uwanmu masu zuwa sari Dubai suna ganin irin wannan fili a Dubai Mall.

Abin da ya shafe ki shi ne, abin da ake fara koya wa babba a can daidaita jiki ne, kuma shi muke rasawa. Mata nawa santsin banɗaki ko bakin rijiya ya kayar suka karye? Nawa ne suka koma salla a zaune tun ba su tsufa ba, don tashi daga sujada ya gagara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kisa a cikin haɗurran da ba na ganganci ba, bayan haɗarin hanya.

Ga matakai huɗu da za ki yi a ɗakinki, ba takalmi, a kan daɓe busasshe:

1. Tashi daga ƙasa. Wannan ne darasin farko na mai sulɓi, don an san zai faɗi. Ki durƙusa a kan gwiwa da hannu, ki kafa ƙafa ɗaya a gaba, ki dafa gwiwar da hannu biyu, ki miƙe a hankali. Sau 5 kowace ƙafa.

2. Sassauta gwiwa. Ki ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ki ɗan rusuna kamar za ki zauna a kujera, ki miƙa hannu gaba, idonki na kallon gaba. Gwiwar da ta sandare ita ke jefa mutum ta baya, har ƙeya ta bugu. Idan kin ji santsi ya kwashe ki, rusuna ki dafa gwiwoyinki.

3. Gajeren taku. Sabon shiga ba ya fara da gudu, takawa yake kaɗan-kaɗan, yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Ki yi taku 20. Haka za ki riƙa tafiya a wurin wanke-wanke ko taɓon damina.

4. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ki dafa bango, ki ɗaga ƙafa ɗaya, ki ƙirga 10, ki canza. In kin saba, ki sake bangon, ki kai 30. Duk adon da gwanayen wasan ke yi, a kan wannan aka gina shi.

Minti 10 bayan azkar ɗin safe sun isa farawa. Mai ciki, da mai jiri, da mai hawan jini ko ciwon gwiwa mai tsanani, su fara tambaya a asibiti.

Kada kunya ta hana ki, wai kishiya ko yara za su yi dariya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. To wace ce mu da za mu ce motsa jiki zubar da girma ne? Jikin nan amana ne, da shi za ki yi ruku'u, da shi za ki yi ɗawafi in Allah Ya kira ki.

Yaro yakan riga babba ƙwarewa don ba ya tsoron faɗuwa kuma ba ya jin kunya. Haka nake gani a ajin matan aure: wadda ta yarda ta yi kuskure a gaban jama'a, ita ke fara haɗa baƙi. Ki fara gobe da mataki na farko, ki kuma koya wa Inna ko surukarki a hankali, kina riƙe da hannunta.

Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin. Wassalamu alaikum.