Amsoshin Tambayoyinku: Gidajen Ruhbanawan Burgundi da Ribaɗin Ƙasar Sakkwato

Wani mai sauraronmu daga Kebbe yana tambaya ko ƙasarmu tana da kwatankwacin gidajen ruhbanawan yankin Burgundi na Faransa. To Malam, a ganinmu ribaɗi ne ya fi kusa. A gidan ruhbanawa na Kuluni, wanda aka kafa a 910, da na Sito, a 1098, masu ibada sun haɗa addu'a da kwafar littattafai da noma, suka kewaye gonakin inabi da katangar dutse. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari kuma ya riƙe Tambuwal, nan kusa da ku: masallaci da makarantar allo, ga ganuwa, gonaki na bayanta.

Wani zai ce ai babu ruhbananci a Musulunci. Gaskiya ne, mutanen ribaɗi da iyalinsu suke, tsaron iyaka ya kai su, kuma ba ruwansu da giyar inabi. Amma a duka biyun ibada ce ta sari daji. Bambancin ma ya nuna a ƙarshe: bayan juyin juya halin Faransa na 1789 an rushe akasarin cocin Kuluni, aka sayar da duwatsunsa, Tambuwal kuwa zuriyar Buhari ke sarautarta har yau.